Lamarin DncV: Furotin da aka ɗauka makamin kwalara, ashe ƙararrawar yaƙi da bairus ce

A shekarar 1961 annobar kwalara ta bakwai ta ɓarke a tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya. Ta shigo Afirka a 1970, ta tsallaka Peru a 1991, kuma har yau ba a ce ta ƙare ba. Bakteriyar da ke haddasa ta, Vibrio cholerae, ba baƙuwa ba ce, amma jinsin da ya jagoranci wannan annobar daban yake da wanda ya yi ta shida. Sunansa El Tor, sunan wata tashar killace matafiya a yankin Sinai na Masar inda aka fara gano shi a 1905. Cikin 'yan shekaru ya ture tsohon jinsin gefe, ya mamaye duniya. Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: me El Tor ke da shi wanda na da ba shi da shi?

A 2002 ɗakin binciken John Mekalanos a Jami'ar Harvard ya kwatanta ƙwayoyin gadon jinsunan biyu, ya ga wasu guntaye biyu na DNA da ake samu a El Tor na annoba ta bakwai, babu su a tsohon jinsin. Aka kira su VSP-1 da VSP-2. Tunda annoba ake bincike, kowa ya zaci makaman cutar da ɗan Adam ne ke ɓoye a ciki. Wannan zaton shi ya ja ragamar aikin shekara da shekaru.

A 2012 Bryan Davies da abokan aikinsa a wannan ɗakin suka bayyana aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon VSP-1. Furotin da take samarwa, wanda suka raɗa wa suna DncV, yana ɗaukar wasu ƙananan sinadarai biyu da ke cikin sel, ATP ɗaya da GTP ɗaya, ya ɗinke su baki da baki su zama ɗan ƙaramin zobe. Sunan zoben cGAMP, kuma ba a taɓa ganinsa a jikin wani mai rai ba kafin lokacin. Sun lura cewa idan aka cire DncV, bakteriyar ba ta kama hanjin jariran ɓeraye da kyau, kuma furotin yana taɓa yadda take iyo zuwa inda sinadarai ke jan ta. Aka rubuta shi a jerin kayan haddasa cuta, aka ci gaba da harkoki.

Zobe iri ɗaya a wuri biyu

Ba a rufa shekara ba sai ga wannan zobe ya ɓullo a inda ba wanda ya yi tsammani. Zhijian Chen, a birnin Dallas na Amurka, yana neman amsar wata tambaya da ba ta da alaƙa da kwalara: yaya sel na jikin mutum ke gane cewa DNA na bairus ya shigo masa? An riga an san wani furotin mai suna STING tun 2008, an san shi ke tayar da garkuwar jiki har a fitar da intaferon, sinadarin da ke faɗakar da sauran sel cewa bairus ya shigo, amma ba a san wa ke kai masa labari ba. Chen ya gano wani inzayim, wato furotin mai haɗa sinadarai ko raba su, ya kira shi cGAS, aka buga aikin a farkon 2013. Da cGAS ya ci karo da DNA a inda bai kamata DNA ya kasance ba, sai ya ɗauki ATP da GTP ya ƙera cGAMP, zoben ya je ya zauna a aljihun STING, yaƙi ya tashi.

Akwai ɗan bambanci, kuma yana da muhimmanci nan gaba. Zoben bakteriya an ɗinke mahaɗansa biyu ta hanya guda, shi ake rubutawa 3'3'. Na mutum kuwa mahaɗa ɗaya ta karkace, shi ne 2'3'. A 2014 Philip Kranzusch, yana Berkeley a lokacin, ya fitar da siffar DncV, aka ɗora ta a kan ta cGAS, sai suka hau juna. Idan jerin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su, aka duba, kamar da ke tsakaninsu kusan kashi 10 ne kawai cikin 100, abin da mutum zai iya cewa dace ne. Amma naɗin jikinsu da ramin da aikin ke gudana a ciki iri ɗaya ne.

A nan ya kamata a ce an tsaya an yi tambaya. Inzayim biyu masu siffa ɗaya, masu ƙera abu kusan ɗaya, ɗayan an san aikinsa gano bairus ne. Ina dalilin da zai sa ɗayan ya zama na kama hanji kawai? Wasu sun hango. A 2015 Maxwell Burroughs da L. Aravind, da kwamfuta kaɗai suka yi aiki, sun rubuta cewa ƙwayoyin gado irin na DncV suna zama ne kusa da na furotin masu yanka DNA da masu huda fata, don haka da alama kayan rikici ne tsakanin halittu. Hasashe ne mai kyau, sai dai gwaji bai biyo bayansa nan take ba.

A 2018 aka samu guntun da ya ɓace. Ɗakunan binciken Christopher Waters a Michigan da Wai-Leung Ng a Tufts sun gano wanda ke karɓar saƙon cGAMP a cikin Vibrio. Maƙwabcin DncV ne a kan DNA, suka kira shi CapV. Aikinsa ya ba kowa mamaki: inzayim ne mai narkar da kitsen da aka gina fatar bakteriyar da shi. Yana nan kwance shiru, da zoben ya taɓa shi sai ya farka ya hau cin fatar gidan da yake ciki. Wato bakteriya tana ɗauke da na'urar da ke ƙera saƙo, saƙon kuma umarni ne na ta kashe kanta. Makamin cutar da mutum ba ya kama da haka.

Gwajin Rehovot

Kafin a fahimci amsar, sai an san abokin gabar. Bakteriya ma suna da nasu bairus, ana kiransu bakteriyofaj, ko faj a taƙaice. Frederick Twort ya ci karo da su a 1915, Félix d'Hérelle a 1917. An ƙiyasta adadinsu a duniya da 10 mai sifiri 30 a bayansa, sun fi kowace irin halitta yawa. Faj yana sauka a bayan bakteriya, ya tsira mata DNA ɗinsa, ya karɓe injinanta su koma ƙera masa 'ya'ya. Wanda ake kira T4 yana gama wannan aiki a cikin bakteriyar E. coli cikin kamar rabin awa, ya fasa ta, 'ya'ya fiye da ɗari su watsu, kowanne ya nemi tasa.

Rotem Sorek na Cibiyar Weizmann a Rehovot ta Isra'ila ya gina bincikensa a kan wata ɗabi'a da aka lura da ita: kayan kariyar bakteriya suna son zama wuri ɗaya a kan DNA. Don haka idan ka ga baƙuwar ƙwayar gado kullum tana maƙwabtaka da sanannun kayan kariya, to ka zarge ta. Da wannan dabarar ɗakinsa ya fito da sababbin tsare-tsaren kariya guda 10 a 2018. DncV ya faɗa cikin wannan zargin.

Ga yadda suka gwada, kamar yadda aka buga a mujallar Nature a 2019. Sun ciro ƙwayoyin gado huɗu da ke jere a VSP-1, wato DncV da CapV da wasu biyu, da kuma irin wannan jerin daga wani jinsin E. coli, suka dasa su a cikin E. coli ta ɗakin gwaji wadda ba ta da su. Ana shimfiɗa bakteriyar a faranti har ta rufe shi kamar hazo, sai a ɗiga ruwan faj a jere, kowane ɗigo an tsinka shi sau goma fiye da na gabansa. Washegari duk inda faj ɗaya ya yi nasara za a ga ɗan fili garau a cikin hazon, sai a ƙirga. A farantin da ba shi da kariya filayen suna bayyana har can ƙarshen jere. A farantin da aka dasa wa tsarin, ga faj irin su P1, filayen sun ragu ƙwarai. Da aka canza amino asid a ramin aikin DncV, kariya ta tafi. Da aka yi wa CapV haka, ita ma ta tafi. An kuma samu cGAMP a cikin bakteriyar da faj ya shiga.

Gwaji na biyu ya fi wannan faɗakarwa. A cikin kwalbar ruwa, idan faj kaɗan aka zuba, kamar a ce ɗaya ga bakteriya da yawa, masu kariya suna ci gaba da yaɗuwa, marasa kariya kuwa su ƙare. Amma idan aka zuba faj har ya ishi kowace bakteriya, to masu kariyar ma mutuwa suke yi. Ma'anar a fili take: tsarin ba ya ceton wadda aka harba. Yana kashe ta ne da wuri, kafin 'ya'yan faj su nuna, sai cutar ta tsaya a kanta. Kamar manomin da ke ƙona bakin gonarsa da gangan don wutar daji ta zo ta rasa abin ci. Tunda bakteriyar da ke zaune wuri ɗaya galibi 'ya'yan uwa ɗaya ne masu DNA ɗaya, mutuwar guda riba ce ga ƙwayoyin gadon da take ɗauke da su.

Suka raɗa wa tsarin suna CBASS. Binciken da ya biyo baya a 2020 ya ƙirga irinsa fiye da 5,000, a cikin sama da kashi 10 cikin 100 na bakteriya da danginsu da aka karanta DNA ɗinsu. Ashe abin da aka ɗauka sirrin El Tor ne, ruwan dare ne.

Me ya sa sai da ɗan aike?

Wannan ita ce tambayar da na fi ganin nauyinta a lamarin. Bakteriya ba ta da girman da saƙo zai yi tafiya mai nisa. Ana iya haɗa mai gani da mai kisa a furotin guda, kuma akwai tsare-tsaren da haka suke. To me ya kawo raba aikin gida uku, mai gani, ɗan aike, mai zartarwa?

Dalili na farko ninkawa ne. Inzayim ɗaya da ya farka zai yi ta ƙera zobe ɗaya bayan ɗaya, zobban su bazu ko'ina cikin ɗan lokaci, su tayar da masu zartarwa da yawa. Alama 'yar ƙarama ta zama hukunci babba, kuma cikin sauri. Mai tsere da agogon rabin awa yana buƙatar haka.

Na biyu, kuma shi ya fi burge ni, sauƙin musanya. Tunda mai gani da mai zartarwa ba sa taɓa juna, zobe kaɗai ke haɗa su, ana iya sauya ɗaya a bar ɗaya. Aaron Whiteley tare da Kranzusch da Mekalanos sun nuna a 2019 cewa dangin DncV suna ƙera zobba iri-iri: akwai mai haɗa wasu sinadaran daban, UMP da AMP, akwai mai haɗa guda uku maimakon biyu. Masu zartarwa su ma haka. CapV fata yake ci. NucC da Cap4 DNA suke daddatsawa, na faj da na mai gida gaba ɗaya. Wasu huda fata suke yi. Wasu kuma suna ƙone NAD, sinadarin da babu sel ɗin da zai rayu ba tare da shi ba. A cikin wannan rukunin na ƙarshe ne Benjamin Morehouse da Kranzusch suka samu abin mamaki a 2020: furotin STING kansa, a cikin bakteriya, haɗe da inzayim mai cin NAD. Kenan mai ƙera saƙon da mai karɓarsa, waɗanda muke taƙama da su a garkuwar jikinmu, dukansu suna da asali a yaƙin bakteriya da faj. Abin da dabbobi suka canza shi ne hukuncin: maimakon sel ya mutu nan take, STING ɗinmu yana sa a fitar da intaferon a sanar da maƙwabta.

CBASS ba shi kaɗai ke amfani da wannan fasali ba. Tun 2017 aka ga wani nau'in CRISPR, tsarin kariyar bakteriya mai sarar ƙwayoyin gadon faj, nau'i na uku, yana ƙera zoben adenin don tayar da mai yanka RNA, ɗan'uwan DNA, aikin ɗakunan Virginijus Šikšnys a Vilnius da Martin Jinek a Zurich. Tsarin Pycsar yana aika nasa zobban, cCMP da cUMP. Thoeris yana amfani da wani sashen furotin mai suna TIR, wanda ake samu a garkuwar tsirrai da ta dabbobi, ya ƙera saƙo daga NAD.

Sai dai duk abin da ke yawo a fili ana iya tare shi a hanya. A 2022 Samuel Hobbs da Kranzusch sun niƙa bakteriyar da faj suka shiga, suka zuba zobba a cikin ruwan, suka ga wasu sun narke. Da suka bi diddigi sai suka kamo wani furotin na T4, Acb1, almakashi ne mai tsinka zoben kafin ya isa. A 2023 ɗakin Joseph Bondy-Denomy a San Francisco, tare da na Yue Feng a Beijing, suka bayyana Acb2 daga faj masu cin Pseudomonas. Shi ba ya yanka komai. Guda shida suke haɗuwa su zama dunƙule mai aljihuna, su haɗiye zobban su riƙe. Inzayim ya yi ta kururuwa, ba mai ji. T4 ma yana da irinsa. Thoeris ya gamu da nasa mai haɗiyar, Tad1. A ɓangarenmu kuwa, bairus dangin 'yar rani suna da inzayim mai suna poxin wanda ke tsinka cGAMP na mutum, an bayyana shi a 2019. Matsala ɗaya, magani ɗaya, tsakanin halittun da ba su san da juna ba.

Da wannan ake gane dalilin yawan zobba. Duk lokacin da faj ya koyi tsinka wani, bakteriyar da ta zo da sabon ɗinki ita ke tsira. Ina ganin a wannan hasken ya kamata a kalli karkatacciyar mahaɗar 2'3' ta jikinmu, domin an samu bakteriyar da su ma ke ƙera zobba masu irin wannan karkata.

Sauran ƙwayoyin gado biyu na jerin VSP-1 fa, waɗanda ke samar da furotin Cap2 da Cap3? Tun a 2019 an ga cewa a kan wasu faj ana buƙatarsu, a kan wasu kuwa DncV da CapV sun isa. A 2023 ɗakunan Whiteley da Kevin Corbett, da na Chen a gefe guda, suka nuna cewa Cap2 yana liƙa inzayim mai ƙera zoben a jikin wani furotin, liƙin yana ƙara masa kuzari, Cap3 kuma yana warware shi. Wannan salon liƙi ya yi kama da na yubikwitin, ƙaramin furotin da sel ke liƙa wa wasu furotin a matsayin alama, wanda aka daɗe ana ɗauka na manyan halittu ne kaɗai.

Abin da ke danna kunamar

cGAS na mutum aikinsa da sauƙi, domin DNA ɗinmu a kulle yake a cikin cibiyar sel, duk wanda aka gani a waje abin zargi ne. Bakteriya ba ta da wannan ɗakin. DNA ɗinta a fili yake, don haka ba za ta iya ɗaukar ganin DNA a matsayin shaida ba. Dole ta nemi wata alama, kuma da alama kowane reshe na dangin ya zaɓi tasa. A wata bakteriya dangin Staphylococcus, ɗakin Luciano Marraffini a Jami'ar Rockefeller ya gano a 2023 cewa wani naɗaɗɗen RNA na faj, mai tsawon harafi kusan 400, shi ke tayar da inzayim ɗin. A Pseudomonas an ga faj da suka tsere wa CBASS ta hanyar canza furotin ɗin ƙoƙon kansu, abin da ke nuna ana gano su ne can ƙarshen aikinsu, lokacin harhaɗa 'ya'ya. Akwai hikima a jinkirin: idan wata kariyar da ba ta kisa za ta iya gamawa da faj tun da wuri, ba sai an kai ga kashe kai ba.

Shi DncV na kwalara labarinsa daban. Tun 2014 aka ga cewa sinadaran folet suna manne masa a baya, su riƙe shi kada ya motsa. Bakteriya tana amfani da folet wajen ƙera tubalan DNA. Muddin yana nan wadatacce, inzayim yana barci. Idan ya yi ƙasa, takunkumi ya kwance. Wato DncV ba faj yake gani ido da ido ba, yanayin rumbun gida yake aunawa. Ɗakin Waters ya ƙara da cewa Vibrio tana ƙara kunna waɗannan ƙwayoyin gado ne idan ta ji 'yan'uwanta sun yi yawa a kusa, lokacin da faj ya fi saurin yaɗuwa, kuma lokacin da mutuwar guda ke da waɗanda za ta amfana.

Irin wannan gadi na kaikaice yana da tsada, domin ba faj kaɗai ke taɓa folet ba. Magungunan salfametoksazol da tirimetofirim, waɗanda haɗinsu ne ake sayarwa da sunan Septrin, aikinsu ke nan: toshe hanyar folet a cikin bakteriya. Waters ya nuna a 2023 cewa salfametoksazol yana tayar da CBASS a El Tor. A 2024 ɗakin Ana Rita Brochado a Jamus ya nuna cewa tsarin yana ƙara wa bakteriyar rauni a gaban waɗannan magunguna, har maganin da a ka'ida tsayar da girma kawai yake yi ya koma mai fasa ta. Ba faj ko ɗaya a kwalbar, CapV ne ke cin fatar uwargijiyarsa a kan labarin ƙarya. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin shawarar magani. Jigon jinyar kwalara shi ne mayar wa majiyyaci ruwa da gishirin da ya rasa. Kuma El Tor ɗin da ke yawo a duniya da yawansu sun riga sun ɗauko wani guntun DNA mai suna SXT, wanda aka fara gani a jinsin O139 da ya ɓullo a Indiya a 1992, yana ba su juriya ga waɗannan magunguna biyu.

Komawa kan El Tor

To, shin CBASS ne ya ba El Tor nasara? A nan ina ganin a yi hattara da saurin yanke hukunci, domin irin saurin ne ya sa aka yi wa DncV gurguwar fahimta tun farko. Gwajin 2019 a cikin E. coli aka yi shi, da faj na E. coli, a faranti da kwalba. Ya tabbatar da abin da tsarin zai iya yi. Bai auna abin da ya faru a kogunan Bengal ko a hanjin majiyyata ba.

Amma shaidun gefe suna ta taruwa wuri ɗaya. A 2005 Shah Faruque da abokan aikinsa sun nuna cewa a Dhaka ta Bangaladash, idan faj masu cin Vibrio suka yi yawa a ruwa, annobar kwalara takan lafa. A bayan-gidan majiyyata a can an samu faj guda uku da aka kira ICP1, ICP2 da ICP3, kuma a 2013 Kimberley Seed da Andrew Camilli suka gano cewa ICP1 yana ɗauke da nasa CRISPR, yana sarar kariyar bakteriyar da shi. A 2021 ɗakin Seed ya nuna cewa SXT ɗin nan mai kawo juriyar magani yana ɗauke da kayan kariya daga faj, kuma suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci gwargwadon faj da ke yawo. A 2022 aka gano wani tsarin kariya na biyu, AvcID, a cikin VSP-1 ɗin kansa, wanda ke lalata wa faj tubalan DNA. A shekarar dai ɗakin Melanie Blokesch a Lausanne ya samu wani, DdmABC, a cikin VSP-2, yana korar baƙon DNA yana kuma tare faj. Guntaye biyun da aka buɗe a 2002 ana neman abin da ke cutar da mutum, kowannensu an same shi ɗauke da kayan yaƙi da bairus.